ARHA BA TA ADO, AMMA TANA KISA

Masu iya magana sun ce arha ba ta ado. Magana ce mai hikima idan ana cinikin zane ko takalmi, amma akwai hajar da wannan karin magana ke ruɗin mutum a kanta har ya kai shi ga halaka. Hajar nan kuwa ita ce ƙaramar bindigar hannu, wadda muka fi sani da libarba. A Amurka, ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan bindigogi a hannun farar hula, an shafe shekara fiye da 50 ana ta kai ruwa rana a kan libarbobi masu arha, masu ƙirar soja, waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen waje. Mutane sun rabu gida biyu. Gida na farko, watau masu kuɗi da waɗansu 'yan majalisa, suna cewa tarkace ne, ƙarfen banza, wanda ba ya jure ko harbi goma. Gida na biyu, watau dillalai da marubutan da ke yi musu kirari a mujallu, suna cewa ai garaɓasa ce ta faɗi, talaka ma ya samu abin kare kansa. Ni kuwa ina cewa dukkansu sun kauce. Na farko ba su faɗi gaskiya game da ingancin bindigar ba, na biyu kuma ba su faɗi gaskiya game da farashinta ba.

Bari mu fara da masu raina ta. Kafin mutum ya kira abu tarkace, ya kamata ya tambayi asalinsa. Libarbar Tokarev, wadda Fedor Tokarev ya ƙera, ita ce rundunar Tarayyar Sobiyet ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da ita. A 1951 Makarov ta gāje ta, ta zauna a ƙugun sojoji da 'yan sandan Sobiyet shekaru da dama, aka kuma riƙa ƙera ta a Jamus ta Gabas da Bulgeriya da Sin. Ita kuwa samfurin 1911 ta John Browning, sojan Amurka ya riƙe ta tun daga 1911 har 1985. To, yawancin libarbobin nan masu arha, ko dai su ɗin ne da kansu aka kwaso daga rumbunan soja bayan rushewar gwamnatocin gurguzu na Turai, ko kuwa kwaikwayonsu ne da ake yi a Turkiyya da Filifin da Sabiya da Burazil. Ina tambayar mai karatu: ƙirar da ta ratsa laka da ƙanƙara da rairayi a fagen fama, ta yaya za ta zama tarkace don kawai an rubuta mata ƙaramin farashi a kanti?

Ruwa ba ya tsami banza, haka ma arha tana da dalilanta, kuma ba ɓoyayyu ba ne. Na ɗaya, haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare tuntuni, don haka kowa na iya ƙera 1911 ba tare da ya biya magadan Browning ko kwabo ba. Na biyu, ladan ma'aikaci a Tarabzon ta Turkiyya, inda kamfanin Tisas yake, ko a Marikina ta Filifin, inda Armscor yake, bai kai na ma'aikacin Amurka ba. Na uku, bindigar da aka kwaso daga rumbun soja, talakawan wata ƙasa sun riga sun biya kuɗinta da harajinsu tun shekaru aru-aru, mai sayarwa neman kai yake yi da ita. Na huɗu, injinan da kwamfuta ke sarrafawa suna yanka ƙarfe daidai wa daida ko a wace ƙasa aka girka su. Babu ko ɗaya daga cikin dalilan nan da ya shafi lalacewar ƙarfe.

Ga misali biyu da suka ishi mai hankali. A 1980 kamfanin Taurus na Burazil ya sayi masana'antar Beretta da ke Sao Paulo, da injinanta da zanen ƙirarta, ya ci gaba da fitar da PT92, wadda 'yar'uwa ce ga Beretta 92. Ita Beretta 92 ɗin ce sojan Amurka ya ɗauka a 1985 ya sa mata suna M9. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ɗaya ana yi mata kallon gimbiya, ɗaya kuma kallon baiwa. Na biyu ya fi wannan ban dariya. Akwai wata libarba mai suna HS2000 da ake ƙerawa a garin Karlobak na Kuroshiya. An fara sayar da ita a Amurka da arha, mutane suna ɗaga mata hanci. Da kamfanin Springfield Armory ya karɓi dillancinta ya sake mata suna XD, sai farashi ya tashi, masu ɗaga hanci suka shiga layi. Masana'anta ba ta sake ba, ƙasa ba ta sake ba. Ashe abin da ake saya da tsada suna ne. Daɗin daɗawa, shi wannan kamfani na 'yan kasuwa ne kawai, ya ɗauki sunan tsohuwar maƙerar gwamnati wadda aka rufe tun 1968. Suna a kan suna ke nan, mai saye yana biya.

Kada a ɗauka ina cewa duk mai arha lafiyayyiya ce. A 2015 kamfanin Taurus ya amince da sulhu a wata ƙara da ta shafi libarbobinsa kusan miliyan ɗaya, waɗanda aka yi zargin suna iya tashi idan sun faɗi ƙasa, ko da yake bai amsa laifi ba. To, amma masu tsadar fa? A 2014 Remington, kamfanin da ya kafu tun 1816, ya fitar da R51, cikin 'yan watanni ya janye ta daga kasuwa saboda matsaloli. A 2017 sojan Amurka ya zaɓi SIG Sauer P320 a kwangilar da za ta iya kai wa dala miliyan 580, a cikin wannan shekarar kuma kamfanin ya yi tayin gyara wa masu ita kyauta, bayan an nuna tana iya tashi idan ta faɗi ta wata fuska. Ƙararraki sun biyo baya, kamfanin yana musantawa. Abin da wannan ke nunawa shi ne aibi ba ya duba takardar farashi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yanzu mu dubi ɓarnar da wannan tunani na raina arha ya yi lokacin da ya shiga majalisa. A 1963 an kashe Shugaba John Kennedy da wata tsohuwar bindigar sojan Italiya da aka yi odarta ta gidan waya. A 1968 aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, wata biyu tsakani. Hankali ya tashi, majalisa ta yi dokar kula da bindigogi ta 1968. Dokar ta hana shigo da ragowar makaman soja, ta kuma ce duk libarbar da za a shigo da ita sai ta dace da wasanni, watau harbin gwani ko farauta. Aka ƙirƙiro awo na maki. Ana duba tsawo da nauyi da girman harsashi da irin makullin kariya, sai libarba ta tara maki 75 za ta shigo. Manufar ita ce a toshe ƙananan bindigogi masu arha da ake aikata laifi da su. Sai dai an manta, ko kuwa an yi kamar an manta, ba a ɗora wannan awo a kan bindigogin da ake ƙerawa a cikin gida ba.

Me ya biyo baya? An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Walther PPK ta Jamus, wadda ba wanda ya taɓa kiranta tarkace, ta kasa shiga saboda gajarta, sai da kamfanin ya ƙara mata tsawon mariƙi ya kira ta PPK/S. A ɗaya gefen kuma, a 1970 wani mutum mai suna George Jennings ya kafa Raven Arms a Kalifoniya, yana zuba libarbobi da narkakkiyar tutiya maimakon ƙarfe mai ƙwari. Danginsa da abokansa suka bi sahu da kamfanoni irin su Davis da Bryco da Lorcin, suka cika unguwannin talakawa da miliyoyin bindigogi. A shekarun 1990 sunayen nan suna sahun gaba a cikin bindigogin da 'yan sanda ke tsinta a wuraren aikata laifi. A 1994 wata libarbar Bryco, wadda ba a iya cire mata harsashi sai an buɗe makullinta, ta tashi ta shanye wa wani yaro ɗan shekara 7 jiki. A 2003 kotu ta ci kamfanin tarar miliyoyin daloli, shi kuwa ya ce ya karye. Ga tarkacen gaskiya nan, kuma ba jirgin ruwa ne ya kawo su ba. Har ila yau, dokar ta bar ƙofa a buɗe ga shigo da sassa a harhaɗa a cikin gida, kuma da irin wannan bindiga, Röhm RG-14 ta Jamus da aka harhaɗa a Miyami, aka harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981. Wace irin doka ce wannan? Dokar da ta kori baƙo mai lafiya ta yi wa ɗan gida mai kuturta shimfiɗa, ba lafiyar jama'a take karewa ba, kasuwar 'yan gida take karewa.

Wani abin takaici ma, awon makin nan yakan ɓata abin da ya zo da kyaunsa. Tokarev ta asali ba ta da makullin da ake murɗawa da yatsa. Da aka sassauta doka a 1984 aka sake yarda da shigo da tsofaffin makaman soja a matsayin kayan tarihi, sai dillalai suka riƙa huda jikinta suna maƙala mata makulli don ta cika sharaɗi. Masu amfani da ita sun daɗe suna kukan cewa makullin nan na jabu ba abin dogara ba ne. Mutum ya ga makulli ya saki jiki, alhali kuwa an sa shi ne don a gamsar da takarda.

Idan da gaske lafiyar jama'a ake nufi, hanya a fili take: a gwada kowace bindiga, ta gida da ta waje, da awo ɗaya. Ingila tana da gidan gwajin bindiga a Bamingam tun 1813, kuma ƙasashen Turai da dama ba sa barin a sayar da bindiga sai an harba ta da harsashi mai ƙarfi fiye da ƙima an buga mata hatimi. Amurka ba ta da irin wannan tilas a matakin tarayya. Hukumar da aka kafa a 1972 don kula da lafiyar kayan masarufi tana da ikon janye tukunyar lantarki ko abin wasan yara daga kasuwa, amma majalisa ta hana ta taɓa bindiga. A 2005 kuma aka yi dokar da ta kare kamfanonin bindiga daga yawancin ƙararrakin da suka shafi laifin da aka aikata da hajarsu. Jihar Kalifoniya ce ta yi ƙoƙari a 1999, ta ce libarbar da za a sayar sai an harba ɗaruruwan harsasai da ita, an kuma jefar da ita a kan siminti an ga ba ta tashi ba. Wannan shi ne awo na hankali, domin siminti bai san Turkiyya ba, bai san Amurka ba.

To, ke nan na koma bayan dillalai? Ko kusa. Yanzu ne ma na zo kansu, kuma laifinsu ya fi girma. Mu fara da kirarin nan na "ƙirar soja", wanda suke bugawa da manyan baƙaƙe. Duk wanda ya san aikin soja ya san libarba ita ce ƙaramar 'ya a cikin makamai, hafsa da direban tanka ke rataya ta don ranar da komai ya ƙare. Kuma gwamnati takan duba aljihunta kafin ta saya. A gasar da ta kai ga zaɓen 1985, Beretta da SIG P226 duk sun ci jarrabawa, jimillar farashi ce ta raba gardama. Ashe kirarin ba shaidar fifiko ba ne, tarko ne na kama samari masu son a gan su kamar jarumai. Dubi Draco, wadda ake ƙerawa a Kujir ta Romaniya. Kalashnikov ce tsirara, an gajarta mata baki an cire mata abin dafawa a kafaɗa, don haka a idon dokar Amurka ta zama bindigar hannu, alhali harsashin bindigar yaƙi take ci. Wa zai ce don tsare ɗakin kwana aka yi wannan? Biri ya yi kama da mutum, amma wutsiyarsa tana nan.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakinsu ita ce ta talaka, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa in aka hana mai arha, mai kuɗi ne kaɗai zai iya kare kansa. Tarihi ya ba su goyon baya ta wani gefe. A 1879 jihar Tenesi ta hana sayar da kowace libarba sai irin ta sojan ƙasa da na ruwa, watau mai tsada, kuma masana da yawa suna ganin an yi haka ne don a hana bayin da aka 'yanta da talakawan Turawa riƙe makami. Kotun Ƙolin Amurka kuma ta yanke a 2008 cewa tsarin mulki ya bai wa mutum 'yancin ajiye bindigar hannu a gidansa. Na yarda cewa yin amfani da farashi a matsayin shinge zalunci ne. Amma daga nan zuwa cewa libarba mai arha alheri ce ga talaka, akwai tafiya mai nisa.

Ga lissafin da ba sa bugawa a takardar talla. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka. Fiye da rabinsu, watau sama da 26,000, su suka kashe kansu. Kusan 21,000 kuma kashe su aka yi, kuma a kashe-kashen da aka gane irin makamin, bindigar hannu ce ke kan gaba da nisa. Tun a 1993 wani bincike da likita Arthur Kellermann ya jagoranta ya nuna cewa gidan da ke da bindiga ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kisan kai kusan sau uku, kuma yawanci ɗan gida ne ko makusanci ke kisan. An yi ta sukar binciken, amma maimakon a faɗaɗa shi, sai majalisa ta ɗaure wa hukumar lafiya hannu a 1996, aka yi shekara fiye da 20 kuɗin irin wannan bincike ya ƙafe. Wanda ya tabbata hajarsa alheri ce, me zai sa ya ji tsoron awo? Kuma unguwannin da ake binne mafi yawan waɗanda aka kashe ba na attajirai ba ne. Talakan da aka ce an yi wa gata, shi ne ke bin gawar ɗansa.

A nan ne maganata ta farko ta haɗu da ta biyu. Da a ce libarbobin nan tarkace ne kamar yadda masu raina su ke faɗa, da abin ya zo da sauƙi, domin tarkace yakan cije, yakan yi tsatsa, yakan ƙare. Amma Makarov da aka ƙera a zamanin Khrushchev tana tashi yau kamar jiya aka yi ta. Rigar da ka saya da arha za ta yage cikin shekara, ita kuwa wannan za ta binne mai ita, ta koma hannun magaji, ko ɓarawo, ko wanda ya tsallaka iyaka da ita. A 2020 kaɗai Amurka ta shigo da bindigogi fiye da miliyan 6, Turkiyya da Ostiriya da Burazil suna kan gaba wajen aikowa. Kowace ɗaya tana da rai fiye da na wanda ya saye ta. Saboda haka ingancin da dillali ke taƙama da shi, shi ne ainihin abin tsoro. Kuɗin da aka miƙa a kanti kafin alƙalami ne kawai, sauran bashin asibiti da maƙabarta da marayu ke biya, kuma su ba a tambaye su ba ranar ciniki.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da rigimar Amurkawa? Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Masana'antar da ta iya cika kantunan Amurka da makami mai kyau mai arha ba za ta rasa mai saye a wani wuri ba, kuma jirgin ruwa ba tasha ɗaya ya sani ba. A 2017 jami'an kwastan na Nijeriya sun kama dogayen bindigogi irin na farauta guda 2,671 a Legas a kamu huɗu, suka ce yawancinsu daga Turkiyya suka taso. A watan Yuli na 2024 sun bayyana kama wasu 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne ta jihar Ribas, su ma daga can. Ba libarbobi ba ne, amma kasuwar ɗaya ce, dalilin arhar ɗaya ne. Kuma kowa ya ji muryoyin da ke tashi a ƙasar nan suna cewa a bar kowa ya sayi bindiga ya kare kansa daga 'yan fashin daji. Ba na zargin wanda aka ƙone wa gari don ya yi wannan tunani. Amma kafin mu ɗauko maganin, mu dubi wanda ya daɗe yana shan sa. In da kura tana maganin zawo, da ta yi wa kanta.

Jama'a, ɗalibai da malamai, abin da nake kira a gare shi bai wuce biyu ba. Idan ana maganar inganci, a bar duba farashi da sunan ƙasa, a gwada ƙarfe, a kuma gwada na kowa da awo ɗaya. Idan kuwa ana maganar daraja, a kawo lissafi cikakke, har da na waɗanda ba su je kasuwar ba amma aka kawo musu sakamakon cinikin har gida. Duk wanda ya zo mana da rabin lissafi, ko ɗan majalisa ne ko dillali, mu tambaye shi ina sauran rabin, kuma kada mu sake shi sai ya kawo.